Sulken gida: Abin da ke faruwa idan aka ɗora wa mota ƙarfen da ya fi ƙarfinta

A safiyar Asabar, 14 ga Fabrairun 2015, mayaƙan Boko Haram suka biyo ta Dadin Kowa a cikin jerin motoci suka nufi birnin Gombe, suna harbe-harbe suna watsa takardun gargaɗi ga jama'a da kada su fita zaɓe. Sojoji da jirgin yaƙi ne suka mayar da su baya, gwamnatin Ibrahim Hassan Dankwambo kuma ta sanya dokar hana fita ta sa'o'i 24. Watanni uku kafin nan, a Nuwamban 2014, sun shiga Nafada da kamfanin siminti na Ashaka, suka kwashi nakiyoyin fasa dutse da motocin akori-kura suka tafi da su.

A yau Gombe tana cikin jihohin da suka fi zaman lafiya a Arewa maso Gabas, amma hanyoyin da suka fita daga cikinta ba su daina kaiwa ga wuraren da ake ɗar-ɗar ba. Ta Dadin Kowa ake zuwa Biu a kudancin Borno, ta Bajoga kuma ake shiga Yobe. Direban da ke bin waɗannan hanyoyi da kayan abinci, da ma'aikacin agaji, da ɗan banga, da mai rakiyar kuɗin banki, kowa ya san cewa jikin motar da ya saba shiga bai fi gwangwanin madara kauri da yawa ba idan harsashi ya zo.

Daga nan ne tunanin da ya daɗe yana yawo a tashoshin mota da garejin makanikai yake samo asali. Ga tsofaffin manyan motocin soja da ake sayarwa a gwanjo ko a shigo da su daga Turai, masu ƙarfin shasi da tayoyin shiga yashi. Ga kuma masu walda da suka iya ƙera bodin tifa da tankin ruwa da ƙofar gida. Me zai hana a sayi falankin ƙarfe a lulluɓe motar da shi?

Amsar tana cikin lissafi, kuma lissafin ya shafi rayuka kashi biyu: na waɗanda za su shiga motar, da na yaran shago da za su kwanta a ƙarƙashinta lokacin aiki.

Dabarar ba sabuwa ba ce

Duk inda yaƙi ya zo wa mutane ba shiri, sukan koma ga mai walda. A yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, injiniyoyin Biyafara sun liƙa ƙarafa a jikin tsofaffin motoci suka mayar da su masu sulke, har aka yi musu laƙabi da jajayen shaiɗanu. Wasu daga cikinsu suna nan a gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia.

Ko Amurka da ƙarfinta ba ta tsira daga wannan ba. A farkon yaƙin Iraƙi, sojojinta sun riƙa tsintar ƙarafa da fasassun gilasai a juji suna mannawa a motocinsu ƙirar Humvee da manyan motocin dakon kaya. A Disamban 2004, a wani sansani a Kuwait, wani soja ya tashi a bainar jama'a ya tambayi Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld dalilin da ya sa suke tonon juji don neman abin kāre kansu. Tambayar ta girgiza Washington, aka hanzarta ƙara wa motocin sulke. Sai wata matsala ta biyo baya: motocin da aka ƙera don ɗaukar nauyi kaɗan suka yi nauyi fiye da kima, sifirin da birki suka riƙa lalacewa da wuri, kifewar mota kuma ta zama wata hanyar rasa sojoji ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2007 Amurka ta koma ga motocin da aka tsara su tun daga tushe don jure nakiya, waɗanda ake kira MRAP.

A yankin Tafkin Chadi ma, hotunan da mayaƙan ISWAP ke yaɗawa sun sha nuna motocin da suka ƙwace suka liƙa musu ƙarfe. Wannan kaɗai ya isa ya sa jami'an tsaro su zura ido a kan duk motar farar hula da aka ga ta yi irin wannan shiga.

Ba kowane ƙarfe ne sulke ba

Kuskure na farko shi ne ɗaukar cewa ƙarfe ƙarfe ne. Falankin da ake sayarwa a kasuwa don ƙofa da tanki ƙarfe ne mai taushi. A ma'aunin tauri na Brinell yana kaiwa kimanin 120 zuwa 150. Ƙarfen sulke kuwa, irin Armox 500T da kamfanin SSAB na Sweden ke yi, yana kaiwa kimanin 500, domin an gauraya shi da wasu ma'adinai, an gasa shi, an sanyaya shi cikin gaggawa, sannan aka sake ɗumama shi bisa ƙa'ida. Taurin nan ne ke farfasa kan harsashi kafin ya huda. Kaurin milimita 6 zuwa 7 na irin wannan ƙarfe yana tare harsashin AK-47 na yau da kullum. Ƙarfen ƙofa mai kaurin nan, harsashin yakan wuce ta cikinsa.

Idan kuma ya wuce, ba shi kaɗai yake shiga ba. Yakan tafi da ɓarɓashin ƙarfen da ya huda, su fantsama cikin motar kamar ƙananan wuƙaƙe. Ke nan mutumin da ke bayan ƙarfen da bai isa ba yana iya samun raunin da ya fi na wanda ke bayan tamfol. Shi ya sa motocin sulke na gaskiya suke da shimfiɗar zare mai ƙarfi irin Kevlar daga ciki, don ta kama ɓarɓashin.

Ko an samu ƙarfen sulke na ainihi, wuta tana iya kashe shi. Zafin walda da na yankan gas yana warware taurin da masana'anta ta sa masa, sai gefen da aka yi ɗinkin ya koma mai taushi ko kuma ya tsage bayan ya huce. Masana'antun sulke suna da nasu sandunan walda na musamman, suna auna zafin ƙarfe a lokacin aiki, suna kuma ɗora falanki a kan falanki a wajen mahaɗa don kada a bar tsaga. Harsashi ba ya neman tsakiyar falanki. Yakan samu hanya ta bakin ƙofa, ta wajen marfi, ta inda gilashi ya haɗu da ƙarfe.

Gilashin ma wani babi ne. Wanda ke tare harsashin bindigar yaƙi kaurinsa ya kai kimanin santimita 4, kuma murabba'in mita ɗaya yana kusantar kilo 100. Ba a yanka shi a shago, sai dai a yi odarsa daidai da awon taga. Motar da aka rufe jikinta da ƙarfe aka bar gilashin gaba yadda yake, an bar direba a fili, kuma idan direba ya faɗi, sauran sun zama kifi a cikin gora.

Sai babbar barazanar hanyoyin Borno da Yobe, wato nakiyar da ake binnewa a ƙasa. Ƙarfen gefe ba ya maganinta. Injiniyoyin Afirka ta Kudu ne suka yi fice tun a shekarun 1970 wajen ƙera motoci irin Buffel da Casspir, masu ciki mai tsini kamar ƙasan kwalekwale, don ƙarfin fashewa ya zame ta gefe biyu. Shimfiɗaɗɗen falanki da aka liƙa a ƙarƙashin mota yana karɓar bugun gaba ɗaya ya miƙa shi ga ƙafafu da kashin bayan mutanen da ke zaune a sama.

Lissafin nauyi

Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 7.85, ko mai taushi ne ko na sulke. Falankin da aka saba sayarwa, mai ƙafa 4 a ƙafa 8, idan kaurinsa milimita 6 ne nauyinsa kilo 140 ne, kusan buhun siminti uku. Idan milimita 12 ne, ya zama kilo 280, fiye da buhu biyar da rabi.

A ɗauki misalin babbar mota mai bodi mai tsawon mita 4, faɗin mita 2.4, da bango mai tsayin mita ɗaya da rabi. Bangon kewaye kaɗai zai ci murabba'in mita 19, rufi da daɓe kuma su ci wasu 19. Da ƙarfen milimita 6, nauyin ya kai kilo 1,800. Wanda ya ga ƙarfen kasuwa ba zai tare harsashi ba ya ce bari ya ninka kaurin, ya ɗora wa motar kilo 3,600. Idan motar mai ɗaukar tan 5 ce, abin da ya rage kilo 1,400 ne, alhali ba a taɓa gidan direba ba, ba a sa gilashi ba, ba a lissafa ginshiƙan da za su riƙe falankan ba. Mutum 20 da kayansu, a kilo 100 kowane, tan 2 ne. Motar ta wuce iyakarta tun ba ta bar gareji ba.

Ƙananan motoci irin Hilux da Land Cruiser na akori-kura kuwa, abin da suke iya ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da mutane da mai. Shi ya sa kamfanonin da ke yi musu sulke suke canza sifirin da shokazoba da birki da maƙalan ƙofa, su sa tayoyin da za su iya tafiya ko an fasa su.

Nauyin ba a wuri ɗaya yake cin mota ba. Birki aikinsa mayar da gudu zuwa zafi, kuma zafin yana ƙaruwa daidai da nauyi. Idan kuma gudu ya ninka, zafin yana ninkawa sau huɗu. Gombe a cikin kwari take, duk wanda ya shigo ta hanyar Bauchi ya san gangarar da ake saukowa kafin a shiga gari. Motar da aka ƙara wa tan uku ko huɗu da birkinta na asali, a irin wannan gangara take nuna halinta. Kowace taya tana da iyakar nauyin da aka rubuta a gefenta, kuma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da kwalta ke ƙuna, tayar da aka wuce iyakarta ba ta jan lokaci kafin ta fashe. Lagireto ma yana buƙatar iska, wanda ya toshe gabansa da ƙarfe don kāre inji zai dafa injin da hannunsa.

Mafi haɗari shi ne inda nauyin ya zauna. Motocin soja dama dogaye ne don su tsallake kwazazzabo. Duk kilon da aka ɗora a bango da rufi yana ɗaga cibiyar nauyin motar sama, sai ta riƙa rinjaya a kwana da gefen hanya da zaizaya ta ci. Idan ta kife, ƙofar da ta kai kilo 100 ko fiye ta koma sama, mutumin da ya ji rauni ba zai iya tura ta ba. Motar sulke ta gaskiya tana da ƙofar tsira a rufi ko a baya saboda wannan rana.

Haɗarin da ke cikin gareji

Kafin motar ta ga hanya, akwai waɗanda rayuwarsu ke hannun sarƙa da jak. A yawancin garejinmu, maigida ne ke tsaye yana ba da umarni, yaran da iyayensu suka kawo koyon sana'a su ne ke shiga ƙarƙashi. Amanar da ke wuyan maigida ke nan, kuma ƙa'idojin kiyaye ta ba su da tsada.

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Jak mai aiki da mai yana dogara ne da 'yar robar da ke cikinsa, ranar da ta gaji kuwa ba ta sallama. Da zarar mota ta tashi, sai a sa mata matokaran ƙarfe da aka rubuta nauyin da suke ɗauka, ko a jera katakai masu tauri a gicciye, a ƙarƙashin shasi ko aksil. Bulon siminti ba matokari ba ne, domin yana rugujewa lokaci ɗaya ba tare da ya yi ƙara ba. Tsohon rim da aka ɗora dutse a kansa ma haka. Tayoyin da suka rage a ƙasa a sa musu waigi gaba da baya. Ƙasar Gombe yashi ne da ita a wurare da dama, don haka jak da matokari suna buƙatar faffaɗan katako ko falanki a ƙarƙashinsu, musamman da damina. Kuma motar da aka fara liƙa wa ƙarfe a gefe ɗaya ta riga ta karkata, wurin da aka sa jak jiya ba lalle ya dace da yau ba.

Wajen ɗaga falanki, a fara da sanin nauyinsa da lissafi, ba da ido ba. Sarƙar ɗaga inji da ƙugiyarta da abin da aka rataye ta, kowanne yana da iyakarsa, kuma mafi rauni a cikinsu shi ne iyakar aikin gaba ɗaya. Sarƙa mai ɗaukar tan 3 da aka rataye a reshen dalbejiya ko a bututun da aka yi wa walda a gaggauce ba ta fi ƙarfin reshen ko bututun ba. Zoben sarƙar da ya tsinke aka ɗinke shi da walda, ko aka haɗa shi da kusa da noti, ya tashi daga kayan ɗaga nauyi.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani, wato buɗewar sarƙa. Idan sarƙa biyu suna riƙe da kaya mai kilo 1,000 a tsaye cak, kowace tana ɗauke da kilo 500. Idan aka buɗa tsakaninsu ya kai digiri 60, kowace ta koma ɗaukar kimanin kilo 580. A digiri 90, kimanin kilo 710. A digiri 120, kowace ɗaya tana ɗauke da kilo 1,000 cif. Gajeriyar sarƙa da aka miƙe ta kama gefe biyu na faffaɗan falanki tana iya tsinkewa a ƙarƙashin nauyin da a takarda bai kai iyakarta ba. Kaifin bakin falanki kuma yana yanka igiya da bel, sai an sa musu matashi.

Falankin da aka jingina a tsaye shi ne ya fi yaudara, domin mutum biyu suna iya riƙe shi muddin yana tsaye, amma da ya ɗan karkata nauyinsa ya fi ƙarfinsu. Ba a sakin ƙugiya sai an ɗaure falanki da kusoshi a mazauninsa. Ɗigon walda biyu ko uku ba riƙo ba ne. Ba a tsayawa a ƙarƙashin kayan da ke rataye, ba a sa hannu a daidaita shi, da igiya ake jan shi daga nesa, kuma mutum ɗaya ne ke ba da umarni.

Tsofaffin motocin soja suna da nasu tarkon. Da yawansu rim ɗinsu mai zobe ne, wanda idan aka kwance shi da iska a cikin taya yakan yi tsalle da ƙarfin da ke kashe mutum, don haka sai an sace iskar gaba ɗaya tukuna. Fentin wasunsu yana fitar da hayaƙi mai guba idan wuta ta taɓa shi, sai an kankare shi kafin walda, a wuri mai iska. Tankin mai da ya zama fanko ya fi cikakke haɗarin fashewa, saboda tururin da ke cikinsa. Shasi kuma masu ƙera manyan motoci suna hana a yi masa walda ko a huda leɓensa na sama da na ƙasa, domin daga nan tsagewa ke farawa.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a riƙa duba sarƙoƙi da na'urorin ɗaga kaya lokaci-lokaci, a kuma rubuta iyakar nauyinsu a jikinsu. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki. Amma yaron gareji da ba shi da takardar ɗaukar aiki, da wuya waɗannan dokoki su iso inda yake. Idan mota ta danne shi, abin da ya rage shi ne asibiti da karo-karon 'yan uwa.

Abin da doka ta ce, da inda ake yin aikin

Mota mai sulke ba kayan da kowa ke mallaka yadda ya ga dama ba ne. Shigo da ita ko kayan sulke cikin Najeriya yana buƙatar takardar shaidar mai amfani daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Tun zamanin mulkin soja kuma akwai dokar da ta hana farar hula amfani da mota mai launin sojan ƙasa, don haka wanda ya sayi motar gwanjo, sauya fenti ne aikinsa na farko. A yankin da sojoji suka sha ganin motocin 'yan ta'adda masu liƙe-liƙen ƙarfe, tunkarar shingen bincike da irin wannan mota ba tare da takardu ba kasada ce da rai.

Ita kanta gwamnati ta ɗanɗana wahalar dogaro da ragowar kayan wasu. A Janairun 2016 Amurka ta miƙa wa sojojin Najeriya motocin MRAP guda 24 daga rarar kayanta, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu a dala miliyan 11, kuma gyara da kayan gyara suka koma wuyan Najeriya. Ƙoƙarin ƙera na gida ya riga wannan: a Yulin 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Igirigi, motar ɗaukar sojoji da injiniyoyin soja suka haɗa. A Disamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Ezugwu a Kaduna, mai jure nakiya, wadda hukumar ƙera makamai ta DICON ta yi tare da injiniyoyin soja, aka sa mata sunan Manjo Janar Victor Ezugwu. Kamfanin Proforce da ke Ode-Remo a Jihar Ogun yana ƙera tasa mai suna Ara, yana kuma yi wa motocin farar hula da na dakon kuɗi sulke. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar DICON, wadda ta maye gurbin ta 1964, ta kuma faɗaɗa damar haɗa hannu da 'yan kasuwa.

Abin lura shi ne, duk waɗannan wurare suna nesa da inda ake buƙatar motocin. Bauchi, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Gombe, ita ce mazaunin makarantar rundunar motocin sulke ta sojan ƙasa, kuma a nan kamfanin Steyr ya riƙa haɗa manyan motoci da taraktoci tun ƙarshen shekarun 1970. Arewa maso Gabas ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Masu waldar Gombe da makanikanta suna da hannu, abin da suka rasa shi ne ƙarfen da aka gwada, da injiniyan da zai yi lissafi, da ma'aunin da za a ɗora mota a kai, da takardar shaidar ƙwarewa. Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere da kwalejojin fasaha na jihar, tare da ƙungiyoyin masu sana'a, suna iya farawa da abu mafi sauƙi: gajeren horo kan ɗaga nauyi da tokare mota, wanda zai amfani mai gyaran tifa da tirela ko da bai taɓa ganin sulke ba.

Wanda yake da buƙatar gaske ta mota mai sulke, hanyarsa ita ce kamfani mai lasisi, da takardar gwajin ƙarfe da gilashi, da nauyin motar a rubuce bayan an gama aiki. Wanda ba shi da halin wannan, gara ya kashe kuɗinsa a kan birki da taya da injin da ba zai mutu a daji ba, ya bi ayarin rakiya, ya kiyaye lokutan da jami'an tsaro suka tsayar. A kan hanya mai haɗari, motar da za ta iya gudu ta kuma iya tsayawa ta fi wadda aka lulluɓe da ƙarfen ƙofa amfani.